Shekarar da Shuɗin Ya Ɓace

'Ya'yana, akwai wata magana da kuka taso da ita a bakinku wadda ba daga wurina kuka ji ta ba. Kuna cewa ƙwace mini ladanci aka yi a masallacin unguwarmu, wai Malam Isiyaku ne ya haɗa baki da waɗanda suka sayo lasifika aka ture ni. Na ji Sani ya faɗa, na ji Rabi tana gaya wa 'ya'yanta, kuma na lura duk sa'ad da kuka haɗu da mutanen gidan Malam Isiyaku a wurin suna ko gaisuwar mutuwa, a tsaitsaye kuke gaisawa. Tun ina da sauran numfashin faɗa, bari in gaya muku yadda abin ya kasance.

Da ciwon fuka na tashi. Tun ina yaro a unguwar Liman Abaji, nan Keffi, da zarar mangwaro ya fara fure, ko ruwan farko ya daki ƙasa ƙamshinta ya tashi, sai in ji ƙirjina ya zama kamar ɗakin da aka kulle aka bar mini 'yar kafa guda. Iska tana shiga, amma fita sai da roƙo. Kakata takan kara kunnenta a bayana ta ce 'yan kyanwana sun farka. An turara mini ganye iri-iri, an ba ni zuma da man shanu, daga baya asibiti suka riƙa yi mini wata allura da ke sa zuciyata gudu kamar za ta faso. Amma Ubangijin da ya ba ni wannan ƙirji shi ne kuma ya ba ni murya. Ranar da nake lafiya, in na ɗaga ta, masu wanki a bakin rafi suna ji. Shi ya sa da tsohon ladaninmu ya rasu aka ce in hau, bisa sharaɗin duk ranar da 'yan kyanwa suka farka wani ya karɓe ni. Sana'ata gyaran agogo ce a bakin kasuwa, da ita na ciyar da ku. Kiran salla kuwa shi ne ni.

Abin shaƙa ya zo mini a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da kowane ma'aikaci ya ɗaura agogo, manyan motoci kuma suka fara ratsa Keffi da siminti da rodi zuwa dajin da aka ce za a gina sabon birni. Wani likita ne ya miƙo mini shi. Ɗan ƙaramin abu ne shuɗi, bai kai tsawon tafin hannu ba, an yi shi a Ingila, da sunan kamfaninsa a jiki da manyan haruffa. Ya ce in girgiza, in fitar da numfashi, in sa a baki, in danna ina zuƙa. Na yi. Wani sanyi mai ɗan zaƙi ya daki maƙogwarona, kafin in gama mamaki sai na ji ƙofar nan da ke kulle tun ina yaro ta buɗe a hankali, kamar wani ya zo ta ciki ya zare sakata. Na zauna a kan bencin likita ina numfashi kawai. Ban san haka sauran mutane suke ji kullum ba.

Daga nan na shiga shekarun da har yanzu in na rufe ido su nake gani. A gefen masallaci akwai matakala ta ƙasa, wataƙila ba za ku tuna da ita ba, an rushe ta da aka yi gini. Kafin in hau, sai in tsaya a gindinta in zuƙi shuɗin, in ɗan jira, sannan in taka. Daga sama ana ganin rufin kwano yana ƙyalli, da kan mangwarori har Tudun Ƙofa, da dutsen bayan gari wanda da la'asar yakan yi ja. Shaho yakan tsaya cik a iska daidai fuskata. In na sa yatsu a kunne na ja sautin, sai in ji kamar ba daga gare ni yake fita ba, kamar wata doguwar igiya ce ake warwarewa a kan garin, tana sauka a tsakar gidaje, mata suna ajiye taɓarya, teloli suna tsayar da keke. Innarku takan ce tana gane lafiyata daga tsawon jan. In na ja har tantabarun gidan maƙwabta suka tashi suka kewayo suka sauka ban katse ba, to ranar ba ta da fargaba.

A bencin asibiti na haɗu da Malam Yohanna. Malamin firamare ne, ɗan ƙabilar Mada, gajere mai dariya, shi ne kuma yake koya wa mawaƙan cocinsu waƙa. Ciwonmu ɗaya, ranar karɓar maganinmu ɗaya. Rannan ya ji ina tari ya waiwayo ya ce:

"Kai ma kana da tsuntsu a ƙirji?"

Na ce nawa 'yan kyanwa ne.

"To, Allah ya sa kada naka su cinye nawa."

Tun daga ranar muka ƙulla. Shi ma da numfashi yake aiki, ya san abin da ake ji in sauti ya zo tsakiya iska ta ƙare. Yana kirana Ladan, ina kiransa Malam.

Sai shekarar da abubuwa suka tsuke. Madara ta ɓace a kantuna, sabulu ya koma sai da layi, kayan waje suka daina shigowa. Na je asibiti kamar yadda na saba, mai ba da magani ya turo mini wani abu ta taga. Fari ne, bakinsa toka-toka, kwalinsa ba hoto ba ado, sai ƙananan rubutu. Na tura masa abinsa na ce ya yi kuskure.

"Ba kuskure, Malam. Shi muke da shi yanzu. Maganin da ke cikin wancan shi ne a cikin wannan, riga ce kawai ta bambanta."

"In ɗaya ne, me ya hana su sa masa suna?"

"Ga sunan nan a jiki, sunan maganin kansa. Wancan da ka sani sunan kamfani ne."

Na karɓa don kunya. Kafin in isa gida na riga na ji magana kala-kala a bakin ƙofar asibiti. Wata tsohuwa ta ce na baƙar fata ne aka haɗa mana daban, Turawa ba sa shaƙarsa. Wani ya ce iska ce kawai aka ɗura. Wani kuma ya ce yana aiki amma yana cin huhu a hankali. Innarku ta juya shi a hannu, ta duba ta sake dubawa, ta ce:

"Malam, wannan ai kamar marar lafiya yake shi kansa."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Washegari da azahar na tsaya a gindin matakala na gwada shi. Ba sanyin nan, ba zaƙin nan. Feshinsa a sanyaye ya fito, ba ya dukan maƙogwaro, ya bar mini ɗaci a harshe. Na tsaya ina sauraron ƙirjina, ina jiran a zare sakata, kuma duk wanda ya tsaya yana sauraron numfashinsa to sai ya ji abin da zai tsorata shi. Na hau. Na yi kabbarori lafiya, na yi shahada. Da na zo kiran mutane zuwa ga salla, inda na saba jan sauti mafi tsawo, sai ya tsinke a tsakiya. Na buɗe baki ba abin da ya fito sai shaƙiƙa. Ina ganin mutane a ƙasa sun tsaya da butoci a hannu sun ɗaga kai. Na ƙarasa da muryar da ko sahun farko ba za su ji ba, na sauko ina dafa bango.

Har yau ban san ko farin ne ya kasa ba, ko tsorona ne ya riga shi hawa. A ranar dai ba ni da shakka. Bayan salla na sami Liman a zaurensa na ce a nemi wani.

"Ladan, don sau ɗaya? Ai ka sha yin rashin lafiya muna jiranka."

"Allah gafarta Malam, da ina da abin da nake jira. Yanzu babu. Ba zan riƙa tsinka sunan Allah a kan gari ba."

Ya ce in je in huta, na ce na huta ke nan. To ku ji da kyau. Da aka ce wa Malam Isiyaku ya hau, ƙi ya yi. Tela ne, magidanci, sa'ana, shi ne yake karɓata tun da can in na kwanta. Har gida ya zo, ya tsuguna a zauren nan da kuke shiga kuna fita, ya ce:

"Malam Garba, ka rufa mini asiri. Muryata ba ta wuce katangar masallaci. Ka bari in riƙa riƙe maka kafin maganinka ya dawo."

Na ce masa ba riƙo ba ne, na ba shi. Lasifikar da kuke zargi ma daga baya aka sayo ta, don mutanen ƙarshen unguwa sun yi kukan ba sa jin kira.

Watannin da suka biyo baya kamar cikin ruwa na yi su. Ina zaune a rumfata da tabarau a ido, agogunan mutane suna ta bugawa kewaye da ni, lokacin salla ya yi jikina ya miƙe da kansa, sai in tuna in koma in zauna. Farin na jefa shi a kan sif. Shuɗi guda ya rage mini, wanda na riga na fara, na ɗinka masa 'yar jaka na rataya a wuya. Ba na taɓa shi sai na matsu. Na aika direbobi Jos, na aika Kaduna. Wani ya kawo mini mai shuɗiyar riga daga wata tasha, da na danna sai warin kananzir, Innarku ta jefa shi a masai. Nawa na wuya kuwa, duk sa'ad da na danna yana huci, ina jin ɗan sanyi, hankalina yana kwanciya. Na ɗauka albarka ce aka sa masa da bai ƙare ba.

Malam Yohanna shi tun ranar farko ya karɓi farin bai waiwaya ba. Har cewa yake ya fi masa, wai shuɗin yana dukan maƙogwaro ya tsaya nan, farin kuwa yana lallaɓawa har ƙasa.

"Ladan, kai alewa kake nema ko numfashi?"

"Malam, ƙirjina ya san abin da ya sani."

"Ƙirjinka bai iya karatu ba. Idonka ne ya gaya masa."

Muka yi ta wannan musu a rumfata, ba wanda ya ja wani. Da kaka ta yi ya ga na rame, ya ce lallai in bi shi ƙauye in sha iska. Yana da gona a wajen Agwada, ta gidan surukansa. Innarku ta goyi bayansa. Muka hau babur ɗinsa da hantsi.

Ranar tana da kyau. Sararin sama wankakke, doya an tara ta a inuwa, yara suna gasa gyaɗa. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne ana sussukar dawa a gonar da ke kusa. Bayan azahar iska ta juyo, mata suka ɗaga ƙorai suna sheƙa, ƙaiƙayi ya taso kamar hayaƙin zinariya, yana ƙyalli cikin rana. Ina tsaye ina kallon kyansa har ya iso ni.

Ban taɓa yin irin na ranar ba. Na durƙusa a gindin wata ɗorawa, na ciro shuɗin na danna. Ya yi huci. Na jira. Na sake dannawa, na sake. Ƙofar ba ta motsa ba, sai ƙara matsewa take. Sautuka suka yi nisa. Ina ganin bakin Malam Yohanna yana motsi amma kamar daga ƙasan rijiya nake jinsa. Ganyen ɗorawa suka narke suka zama kore ɗaya, na ga kakata zaune a kan reshe tana tsinkar zogale, ban kuma yi mamaki ba. Na ji ya fizge abin daga hannuna ya kaɗa a kunnensa. Sannan na ji wani abu a tsakanin haƙorana, da hannunsa a ƙeyata.

"Fitar da iska. Fitar! Yanzu ja a hankali, kamar kana shan kunu mai zafi. A hankali, Ladan. Riƙe. Riƙe mini ita."

Ɗacin nan ya sauka a harshena. Ba ni da ƙarfin ƙi, ba ni da ƙarfin sauraron komai. Ya sake ba ni. Ya zauna a bayana ya jingina ni a ƙirjinsa, yana numfashi da ƙarfi don in bi nasa, yana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Ban san lokacin da abin ya saki ba. Na dai farga ina jin kukan kurciya, sannan muryar mata, sannan ƙamshin gyaɗar da ta ƙone don an manta da ita a wuta. Reshen ɗorawa ba kowa a kai.

Da na dawo hayyacina, matarsa Saratu ta kawo ruwa a ƙwarya. Malam Yohanna ya zare gwangwanin da ke cikin shuɗin ya saka a ruwan. Ya ce wata nas ce ta nuna masa: mai magani yakan nutse, wanda ya ƙare yakan taso. Nawa ya kwanta a saman ruwa yana lilo kamar busasshen kara.

"Wannan ya daɗe da mutuwa," in ji shi. "Gawa kake ratayawa a wuya."

Na zuba wa gwangwanin ido. Ina kallonsa yana kewaya ƙwaryar.

Inuwa ta miƙe, na san la'asar ta yi. Akwai wasu Fulani da shanunsu a gefen gona, da 'yan ƙwadago Musulmi a wurin sussuka. Na nemi ruwa na yi alwala. Akwai wani faffaɗan dutse a bakin gonar, na hau. Malam Yohanna ya ce in bari, ban gama dawowa ba. Na sa yatsu a kunne. Da farko muryar ta fito a dushe, sai ta washe. Da na zo wurin da ta tsinke mini a gari, na rufe ido na sake ta, ta tafi, ta bi kan karan dawa, ta haye kwari, ta daki wani tsauni ta dawo mini. Ban katse ba sai da na ga dama. Da na buɗe ido, shanu sun ɗaga kai, matan sun tsaya da ƙorai a sama, Malam Yohanna kuwa ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, fuskarsa jiƙe.

Da muka dawo na sa aka sauko mini da farin daga kan sif, na goge shi. Innarku da ta ji labari ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Labari ya kai masallaci. Ba a yi kwana nawa ba Liman ya aiko, na je na tarar da Malam Isiyaku zaune, kansa a ƙasa.

"Ladan, ga ɗan'uwanka ya ce a mayar maka da abinka. Shi ya kawo maganar, ba ni ba."

Ina so. Kada wani ya gaya muku ba na so. Tun daga Agwada nake jin matakalar nan a tafin ƙafata. Amma a watannin nan na ga abin da ya faru da Malam Isiyaku. Mutum ne da ba a taɓa sanin yana wuri ba, ga shi yanzu yana tafiya a miƙe, yara suna ce masa Ladan, matarsa ta ɗinka masa farar riga ta Juma'a. Ya koyi kiran da wahala, ina jinsa yana maimaitawa a shagonsa cikin ƙarar keke. Ya roƙe ni kada in ba shi, na ce na ba shi, ba aro ba. In na karɓe, kowa zai ce dama maneji aka yi da shi kafin na ainihi ya dawo.

"Allah gafarta Malam, masallaci yana da ladan," na ce. "In ya yi tafiya ko ya kwanta, zan riƙe masa."

Malam Isiyaku ya ɗago ya dube ni. Liman ya shafa fatiha.

Innarku ba ta yafe mini da wuri ba. Ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba ta zama. Ina jin daga fushinta ne kuka tsinci maganar ƙwace, don a gabanku takan ce an raba Malam da abinsa, ba ta faɗin wanda ya raba shi. Malam Isiyaku kuwa Allah ya ba shi lafiya irin ta dutse, ga shi ba ya tafiya ko'ina. A duk shekarun da ya yi, 'yan lokutan da na riƙe masa ba su da yawa, su ma a gaban lasifika ne, a cikin ɗaki, ina fuskantar bango.

Shuɗin ya dawo kantuna bayan wasu shekaru. Sani ya sayo mini da murnarsa. Na zuƙa, na ji sanyin da zaƙin, idona ya kawo ruwa kamar na haɗu da wanda muka yi yarinta tare. Na ci gaba da amfani da duk wanda ya samu. In kun tambaye ni, kaina zai ce muku ɗaya ne, na gani da idona a gindin ɗorawa. Harshena har gobe cewa yake ba ɗaya ba ne. Na bar su, kowa da ra'ayinsa.

Wata la'asar, bayan fushin ya yi sauƙi, ina zaune a tsakar gida Innarku tana tsince shinkafa, sai lasifika ta yi ƙara Malam Isiyaku ya fara. Ban san ina binsa ba. Ashe leɓɓana suna motsi, ƙirjina ya cika, ina jan sautin a ciki ba murya. Ya kai ƙarshen nasa ya tsaya, ni ina kan ja. Da na sauke numfashi na ga ta daina tsintar, tana kallona.

"Ya katse da wuri," ta ce.

"Ya katse da wuri."

Ta mayar da kanta kan faifai, ta ɗan jima, sannan ta tura mini buta da ƙafa.

"To tashi, Malam. Ai an kira."